Azumin Kunne

Ishaq, Allah ya jiƙansa, mutumin Daura ne, kuma har ya kai shekara arba'in ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Da Allah ya kawo su Alƙahira shi da matarsa Murja, sai abincinsa ya faɗo a wani shago a unguwar Ma'adi inda ake sayar da kayan masu nutso a teku. Aikinsa ɗura iska a tukwanen da suke goyawa, da wanke baƙaƙen rigunansu na roba masu kama da fatar kwaɗo.

Duk wanda ya dawo daga Bahar Maliya, tambaya ɗaya Ishaq ke yi masa: "Ka ga inda Fir'auna ya nutse?" Ya yi ta yi har maigidansa, Kyaftin Muhannad, ya gaji.

"Khalas, ya Ishaq. Ka koyi nutso a tafkin wanka, ka kawo takardar likita cewa kunnenka lafiya yake. Kwana uku bayan Sallah mota za ta tashi, ka je ka duba da kanka."

Koyon ya faɗo cikin Ramadan. Ran farko Kyaftin ya ba shi wata 'yar kwalba, ya ce duk sa'ad da ya fito daga ruwa ya ɗiga uku-uku a kowane kunne, don kada danshi ya zauna ya zama ciwo. Ya kuma ja masa kunne kada ya sosa da komai.

Ishaq ya kawo kwalbar gida cike, ya ajiye kan firij. Murja ta buɗe ta sunsuna, ta ji warin tsami irin na ruwan khal.

"Baban Fiddausi, ba ka sa ba?"

"Da azumi a bakina? Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban taɓa shan azumi ko ɗaya ba. Ba zan fara a kan kunne ba."

"Kai da ke shiga da kunnen cikin tafki guda, ɗigo uku ne zai karya maka azumi?"

"Wancan ruwa shi ya zo da kansa. Wannan ni zan gayyato shi."

"To, sa bayan shan ruwa."

"Kyaftin ya ce da na fito. Bayan magariba ai na daɗe da fitowa."

Kwana huɗu kunnen dama ya fara ƙaiƙayi. Ishaq ya hau rufin bene inda mai gidan ke kiwon tattabaru, ya tsinto gashi guda, ya fige shi ya bar ɗan tuntu a baki, yadda ake yi a gida. Yana juya shi a kunne yana lumshe ido yana salati. Kwana shida kunnen ya kumbura, ya daina ji da shi. Murja sai ta zagayo ta hagu kafin ta yi masa faɗa, shi kuma da ya gane haka, kullum sai ya ba ta dama.

Ta gaji ta kira maƙwabcinsu Malam Jibrin, ɗalibin fiƙihu, wanda bai iya amsa tambaya da kalma ɗaya ba. Ya zo da littafi uku a hammata, ya zauna ya gyara tabarau.

"A mas'alar akwai saɓani," in ji shi. "Wasu malamai sun ce kunne ƙofa ce. Wasu sun ce ba ƙofa ba ce. Wasu kuma sun ce sai in abin ya isa maƙogwaro."

"Malam, shinkafata na kan wuta," in ji Murja. "Ya sa ko kada ya sa?"

"Maman Fiddausi, ai shi ne saɓanin."

Saura kwana tara Sallah suka je wurin likita, Murja na biye don ta ji masa. Dakta Afra ta leƙa kunnen da 'yar fitilarta. Ta ɗauko hantsaki ta zaro wani abu fari, ta ɗaga shi sama.

"Ya Hajj, tsuntsu kake kiwo a ciki?"

Ishaq ya dubi silin. Murja ta toshe baki da mayafi.

Likitar ta ce ciwon bai yi nisa ba, maganin da Murja ta gaya mata yana kan firij ma ya isa. Sau huɗu a rana, kwana biyar, ba shiga ruwa, ba gashin tattabara. Ya dawo rana ta shida, domin daga ranar za ta tafi garinsu hutun Sallah. In kumburin bai saɓe ba, babu takarda.

"Dakta, in na haɗa duka na zuba da magariba fa?"

"Abincin kwana biyar ma haka kake cinsa?" Ta nuna masa wani hoto a bango. "Ga dodon kunne. Naka bai huje ba. Bango ne, babu ƙofa. Ni ma azumi nake yi."

Suka hau jirgin metro zuwa gida. Da suka sauka ya ce, "Na fasa. Fir'auna ya ci gaba da zamansa."

Murja ta san ƙarya yake. Mutumin da ya yi sati biyu yana atisayen numfashi a bokitin wankinta ba zai fasa ba, ciwon kawai zai haɗiye ya yi ta fama da shi har abada. Ta tuna maganar Malam Jibrin ta uku.

"Tunda an ce sai ya isa maƙogwaro, a gwada mana. Bayan an sha ruwa in ɗiga maka. In ka ji ɗanɗano, ka fasa. In ba ka ji ba, shi ke nan."

Da magariba aka kira Malam Jibrin ya zama shaida. Ishaq ya kwanta ta gefe, ya ɗora kai a cinyar Murja, Malam ya kau da ido zuwa littafinsa. Ta ɗiga uku. Ishaq ya haɗiyi yawu, ya tauna baki, sai ya zabura.

"Tsami! Wallahi na ji tsami! Ya iso!"

Malam Jibrin ya rufe littafi ya ce, "La haula." Murja kuwa faranti ta duba. Kwanon torshi, kayan lambun nan da Misirawa ke jiƙawa a ruwan khal, babu ko yanka ɗaya a ciki.

"Wa ya cinye torshin nan?"

"Ɗan kaɗan na taɓa."

"Ka cinye kwano guda na tsami, ka ce kunne ne?"

Malam ya yanke hukunci cewa shaidar ta ɓaci, a sake. Aka sa Ishaq ya yi asuwaki, ya kurkure baki sau bakwai, aka ba shi ruwa zalla. Ta sake ɗigawa a ɗaya kunnen. Ya haɗiya, ya sake haɗiya, ya juya harshe ko'ina. Ya daɗe yana nema. Da zai iya yin ƙarya da ya yi, amma Ishaq bai iya ba.

"Babu komai," ya ce a hankali.

Ya yarda, amma da sharaɗi. Bayan Sallah zai rama kwana biyar ɗin, ko da a ce malaman farko ne ke da gaskiya. Kuma tare da Murja za su rama.

"Ni me na yi?"

"Hannun wa ya ɗiga?"

Rana ta shida Dakta Afra ta leƙa, ta ce tamam, ta sa hannu. Kwana uku bayan Sallah ya shiga mota. Da ya dawo ya yi baƙi, fatar hanci na saɓulewa, Murja ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ka gan shi?"

"Ko taya ɗaya ta keken dokinsa ban gani ba. Amma Murja, akwai wani kifi shuɗi da rawaya, kamar an yi masa ɗinkin Sallah. Ya zo ya tsaya a gabana yana kallona, ni ma ina kallonsa. Ashe a ƙasan ruwa babu hayaniya. Numfashinka kawai kake ji."

Washegari suka ɗauki azumi. Da shekara ta zagayo ya ce a sake, wai ba a sani ba ko na bara ya cika. Haka suka yi shekara huɗu. Ta biyar zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi, a kan gadonsa, nesa da kowane ruwa.

Kwalbar na nan kan firij, ta bushe. Duk bayan Sallah Murja na yin kwana biyar ɗinta. Fiddausi ta ce mata, "Umma, Sitta Shawwal ai shida ne, kin rage ɗaya."

"Wannan ba shi ba ne," in ji Murja. "Na kunnen babanki ne. Miƙo min dabino."