Makiyayin Kifi a Ƙofar Marusa

…to ai ba ɓarna ya yi ba, fili ya yi musu. Malam Talle, mai shekara arba'in bayan shanu, yau a koya masa kiwo? Dabba fili take so. Shi ya sa shekaranjiya, 'yarsa Suwaiba na ficewa zuwa kwas Kaduna, ya naɗe hannun riga ya kwashe duwatsun nan daga akwatin gilashinta, ya zuba a baho da ruwansu. Fayau. Da kallo ɗaya ya ga kifayen duka bakwai ɗin.

Sai dai 'Yar Ɗorawa ta ƙi ci.

Ga ta can a kusurwa, hanci a gilashi, launin nan nata ya koɗe. Kwana biyu ke nan. Suwaiba gobe za ta dawo, kuma wannan ce 'yar lelenta, tun daga Legas aka kawo ta cikin leda… mi zai ce mata?

Duwatsun nan murjani ne wai. Shi murjanin da ya sani na wuyan matarsa marigayiya Kubura ne, ran kasuwa, tana tafe da ƙwaryar nono. Ashe a teku abin rai gare shi, har abinci yake ci. Ikon Allah. Ruwan ma sai an dama masa gishiri, ana aunawa, ana sa masa fanka. Kifi da fanka! Da mutanen ruga za su gan shi da ɗan cokali yana lallashin abin da bai kai tafin hannu ba, da sun yi dariya har da hawaye.

"Baffa, kada ka taɓa duwatsun, gidansu ne." Suwaiba ta faɗa kuwa. Shi ya ɗauka ado ne, irin na 'yan boko.

Bari dai ya mayar da duwatsun. Hannu cikin ruwa, sanyi har gwiwar hannu. Babban a ƙasa, mai ramin a kai… haka yake da? Saniya ma in rana ta take ai gindin gawo take nema, ya aka yi ya manta?

Wuf, 'Yar Ɗorawa ta shige ramin. Shiru. Shi ke nan, ya kashe 'yar mutane?

A'a, ga baki. Ga ido. Ta leƙo, ta koma, ta sake leƙowa… ta cafke ƙwayar abinci ɗaya. Ta biyu. Ja'ira, ashe yunwa na cinki! Daɗi ya kama shi, dariya yake shi kaɗai, ruwa na ɗiga daga hannunsa kan tayil. Alhamdulillahi. Wurin ɓuya kawai take so, ta samu, ta ci.

Ya juya don ya faɗa wa wani, ba kowa. Falo fes, farin bango, farin ƙwan lantarki, ko'ina a share. Tuwon da aka aiko masa tun azahar na nan a rufe kan tebur. Wata takwas ke nan da aka ɗauko shi daga ruga, kullum Suwaiba na tambaya, Baffa mi ya sa ba ka ci…

Yana tsaye, hannu a jiƙe, yana duba inda zai zauna.