Hakin Wuya a Wasiƙar Nnabuike

Tun hantsi Safara'u ta kasa zama. Ta leƙa ɗaki, ta dawo tsakar gida, ta sake leƙawa. Jikarta bakwaini ce, kwananta uku a duniya, kuka ma da ƙyar take fitar da shi, ga shi ɗanta Salisu ya aika a kira Ummaru wanzami ya cire mata hakin wuya. Jiya ta ce jinin da za a zubar ya fi ƙarfin yarinyar, Salisu ya ce ai shi ma an cire masa. Shekara talatin tana koyar da ilimin halittu, iliminta bai taɓa mayar da aska cikin zabira ba.

Ummaru na yin sallama ta ɗauko wasiƙar Nnabuike, tsohon ɗalibinta da ya tashi a nan garin Hashimi, yanzu yana bincike a Ostareliya kan dabbobin da ke goyon 'ya'yansu cikin aljihun ciki. Da Hausa yake rubuto mata.

"Sarkin aska, saurara kafin ka kwance zabira," ta ce, ta fara karantawa. "Malama, kamar ƙwayar wake ake haihuwarsu, ba garkuwar jiki. Akwai wani hakin wuya da ƙwayoyin gado ke tayarwa bayan haihuwa, shi ke koya wa jini yaƙi da cuta. Waɗanda aka cire wa shi da wuri, jikinsu ba ya iya kare kansa."

Ta san wani ƙullutun nama Nnabuike yake nufi can cikin wuya, wanda babu ruwansa da abin da wanzamai ke yankewa. Sunan ne ya rasa, ya ɗauko na kusa. A aji da jan biro za ta bi shi. Yau ta bar masa.

"Hajiya, wannan fa dabba ce," in ji Ummaru.

"Duk 'ya'yanta bakwaini ne. Kai nawa ka raina?"

Salisu ya karɓi takardar, ya bi layin da yatsa har sau biyu.

"Hakin wuya ya rubuta kuwa," ya ce a hankali. Ya dubi ƙofar ɗakin. "Baba Ummaru, a bari sai an yi arba'in."

Ummaru ya rataya zabirarsa yana gunaguni. Safara'u ta shige ɗaki ta karɓi jaririyar daga hannun uwarta, tana ta tunanin abin da za ta ce musu ranar arba'in.