Kwalabe Shida a Firjin Haladu

Kwalabe shida Sajo ya kawo, ƙanana kamar ɗan yatsa, a naɗe cikin leda da ƙanƙara. Da hannu biyu ya ajiye su a kan teburin Haladu.

Haladu mai sayar da ruwan sanyi ne da zoɓo a bakin karar shanu ta Maigatari. Sajo kuwa makiyayi ne, rugarsa na can daji, yamma da gari. Shekara ashirin ke nan, duk Alhamis sai ya zauna a bencin Haladu ya sha ruwa kafin ya shiga kasuwa, su yi ta tsokanar juna.

"Kaɗo, yau amana na kawo maka," in ji Sajo. "Allurar rigakafin ciwon huhu ce, daga Gumel na sayo. Likitan dabbobi ya ce in ta ji zafi ta mutu, ko da ido bai ga alama ba. Shanuna suna ƙetare, sai mako mai zuwa za su sauko."

Haladu ya daki murfin firjinsa. "Ardo, wannan ko kai na saka a ciki sai ka daskare, har da sandarka."

"To kar ka sayar wa wani a madadin zoɓo."

Aka yi dariya, aka rufe firji.

Ran Lahadi abin ya fara. Injin firjin sai ya yi gurnani kamar zai tashi, ya yi ƙas, ya yi shiru. Can kuma ya sake. Kafin la'asar ƙanƙarar jikin bango ta narke, ledojin ruwa suna iyo a ƙasa. Bazara ce, irin wadda ko jaki ba ya yarda ya tsaya a rana. Washegari Haladu ya kira Hussaini mai gyara. Hussaini ya tsuguna bayan firjin, ya taɓa baƙar tukunyar nan ta ƙasa, ya fizge hannu.

"Baba, kwamfuresa ce ta gaji."

"Ka zuba mata gas mana."

"Ba gas ba ne. Ta ci daga ciki. Sabuwa sai Kano, kuma kafin Juma'a ban ga mai kawo ta ba. In akwai abin da ba ya son zafi a ciki, ka kwashe yau ka kai wa Zayyad."

Zayyad shi ne mai ɗaya shagon, tsallaken titi. Tun da ya buɗe, Haladu bai taɓa kiran firjinsa da wani suna ba sai akwatin kaya, kuma a gaban mutane yake faɗa. Yanzu ya tsallaka titi da leda a hannu, ya ce Zayyad taimake ni? Ya dubi titin, taku ashirin bai kai ba. Sai ya ce wa ransa, zoɓo ma yana yin ɗumi a mayar da shi ya yi sanyi, kuma ba wanda ya taɓa mutuwa. Magani ai bai fi zoɓo rai ba. Ya rufe murfin, ya ɗora buhu a kai.

Kwana uku kwalaben suka yi a cikin akwatin ƙarfe mai zafi. Da safiyar Alhamis ya tare masu kawo ƙanƙara daga Gumel, ya sayi dunƙule biyu, ya binne kwalaben a ciki. Da Sajo ya zo, ya ɗauki ɗaya ya manna a kumatunsa.

"Kai! Har haƙori. Allah ya yi maka albarka, Kaɗo."

Haladu ya ce amin, idonsa na kan kuɗin canji. Ran Asabar Hussaini ya ɗaura sabuwar kwamfuresa, firji ya koma aiki kamar ba a yi komai ba. Da mako ya zagayo Sajo ya zo masa da ƙwaryar man shanu, ya ce likitan ma ya tambaya ina aka ajiye, shi kuma ya ce a hannun mutumin da ba a tambaya.

Damina ta wuce. Wajen kaka sai aka fara jin labari a kara, wai ciwon huhu ya shigo daga arewa. Sajo ya yi Alhamis ɗaya bai zo ba, ya yi biyu, ya yi biyar. Haladu yana miƙa ruwa, kunnensa yana wajen dillalai. Abinci ya daina yi masa daɗi.

A ta shida Sajo ya zo. Rigarsa ta yi masa yawa. Ya zauna, bai ce Kaɗo ba.

"Ardo, yaya shanu?"

Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa, ko a raye ko a mace. Sajo ya ce, "Akwai saura. Sai ka ga saniya ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi kamar mutum. Jikar jikar farar saniyar da mahaifina ya ba ni, da hannuna na yanka ta. Huhun ya manne da haƙarƙari."

"Allah ya mayar da alheri."

"Amin. Amma na gane abu ɗaya. Allurar nan ƙarya ce. Duk na yi musu, ba wadda na bari. Gobe likitan zai je yin allura a rugar ƙanena da sauran rugagen gabas, ciwon bai kai can ba tukuna. Na aika musu, duk wanda ya bari aka soki saniyarsa ba ya jin maganata. Kuma za su ji."

A bayan Haladu firjin yana ta gurnaninsa lafiya lau. In ya yi shiru, Sajo zai sha ruwa ya tafi, ya dawo wata Alhamis, har abada ba mai sani. Shanun gabas kuma su bi na yamma.

"Sajo," ya ce. Bai taɓa kiran sunansa kai tsaye ba. "Allurar ba ƙarya ba ce. A hannuna ta mutu."

Ya faɗa masa duka, da kwamfuresar, da kwana ukun, da Zayyad, da ƙanƙarar safiyar Alhamis. Sajo bai katse shi ba. Kofin ruwa na hannunsa, bai kai baki ba. Da Haladu ya gama, ya sunkuya ya ajiye kofin a ƙasa a hankali.

"Gumel nan ce," ya ce. "Da ka faɗa mini ran nan, da na hau mota na sayo wata kafin azahar."

"Ka yafe mini don Allah."

Sajo ya miƙe, ya saɓa sandarsa. Bai shiga kara ba. Ya nufi tasha da sauri, wajen motocin gabas, don ya riga likitan isa, ya janye saƙon da ya aika musu.

Har yau yana zuwa kasuwa duk Alhamis. Ta ɗaya gefen titi yake bi.