Tambaya ta Sha Bakwai

Maki ɗaya ne ya hana Raihana zuwa gasar Turanci a Tudun Wada. Ɗaliba guda za a tura daga makarantarsu ta Badafi, ƙawarta Ramla kuma ta fi ta da ɗaya.

Tambaya ta sha bakwai ce ta kayar da ita. An ba su jimloli biyu, kowace tana tsaye da ƙafarta, aka ce su zaɓi alamar da za ta shiga tsakani. Raihana ta zaɓi waƙafi mai ruwa, Malam Abdulmalik ya soke da jan biro. Ramla ta sa waƙafi zalla, ta samu makin.

Sau uku Raihana tana duba littafinta, sau uku yana ba ta gaskiya. To amma Malam Abdulmalik har babanta ya koyar. Da wane baki za ta ce masa ya yi kuskure? Sai ta kai wa Ramla kukanta.

"Ki ci gaba da nunƙufurci," in ji Ramla. "Ni dai zan ci shinkafar Tudun Wada, in kawo miki labari."

"Ke ba ki ji me nake cewa ba ne?"

"Na ji mana. Ni ce na yi makin? Ga ofis can."

Bayan Azahar Raihana ta sami Malam Abdulmalik a gindin darbejiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gona, har gaisuwar ta ƙare mata.

"Malam, darasin nan ne ban gane ba. Ko za a sake yi mini?"

Ya gyara zama, ya yi bayani tiryan-tiryan: jimla biyu cikakku, waƙafi zalla ba ya iya riƙe su. "Kawo takardarki in nuna miki misali."

Ta miƙa masa. Yatsansa ya sauka har kan ta sha bakwai, ya tsaya cak. Ya zaro takardar amsoshin da aka bugo masa, ya duba, ya sake dubawa.

"Raihana, ganewa kika zo yi ko gyara?"

"Ganewa, Malam."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya cire murfin jan biro. "Gobe ni zan faɗa wa aji da bakina. Ki gaya wa babanki motar Asabar da sassafe za ta tashi."

Ramla na jiranta a bakin ƙofa, tana ganin fuskarta ta gane. "To sai ki ajiye mini naman shinkafar, malama sarkin tsoro."