Sunan Ɗiyar Fari

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tafinta ga Turawan rangadi, kuma ba tafiyar ce ta fi gajiyar da ni ba. Abin da ya cinye ni shi ne bayyana wa mutum abin da ya riga ya yanke wa hukunci.

A barikin Goronyo aka kawo mana wata Bafulatana mai tallan nono, Asta, tare da yarinya 'yar shekara biyar. Wani dogari mai shisshigi ne ya ce ya lura da su a kasuwa: matar ba ta kallon yarinyar, yarinyar kuma da sunanta take kiran ta. Lokacin ana farautar masu sayar da bayi, duk yaron da aka yi zargin na sata ne sai a raba shi da masu shi, a wuce da shi Sakkwato.

Di'o, Baturen da nake wa tafinta, ya ce in tambaye ta ko ɗiyarta ce. Asta ta sunkuyar da kai. Surukarta, tsohuwa Kaka, tana zaune gefe tare da mazan rugar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗiyar fari ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna shi nata ne gaban surukai. Kunya ce."

Ya ce babu uwa a duniya da ke kunyar ɗanta. Duniyar tasa kuwa, a iya sanina, ba ta taɓa kwana a ruga ba. Ya ce ta kira sunan yarinyar, in ba haka ba gobe a tafi da ita.

Na juya na ce, "Asta, ki yi haƙuri ki hwaɗi. Wanga mutum ba wasa shika yi ba."

Kaka ta ce, "Ni in hwaɗi mashi. Jikata ta."

Di'o ya ƙi, ya ce daga bakin uwa yake so. Raina ya ɓaci, amma tafinta ba shi da rai a wurin aiki, baki kawai gare shi.

Asta ta daɗe tana murza bakin zanenta. Mazan rugar suka kau da kai don su rage mata nauyi. Can ta ce, "Hawwa."

Yarinyar ta waiga hagu da dama tana neman mai kira. Da ta gane, sai ta ruga ta ƙanƙame ƙafafun Asta tana kuka. "Asta, mi yas same ki?"

Di'o ya sallame su. Yana rubutu yana faɗa mini, da tausayi har cikin ransa, wai mutanen nan ba su san son 'ya'ya ba.

Asta ta tashi za ta fita sai idonta ya faɗa kan hoton wata yarinya da ke bisa teburin Di'o. Ta tambaye ni ko wace ce. Na ce ɗiyarsa ce, tana makaranta a ƙasarsu, shekara huɗu rabonsa da ita.

Ta dube shi, ta dubi hoton, hawaye suka cika mata ido.

"Allah sarki," ta ce. "Wa yas sace mashi ita?"

Di'o ya tambaye ni me ta ce. Na ce godiya take yi.