Uwar Garken da Ba Ta Gurnani

Wata uku na yi ina lallaɓa Manaja kafin ya yarda mu sauya uwar garken ofishinmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duk aikinmu. Kwamfutoci goma sha biyu ne ke zaune a cikinta, marasa jiki, kowace da hidimarta. Tsohuwar tana da fayafayai masu juyawa, in ta tashi aiki sai ka rantse injin niƙa ne.

Sabuwar da hannuna na haɗa ta. Ma'adanan bayanai takwas na filashi na jera mata, babu mai juyawa ko ɗaya, na sa fanka mai sanyin murya, na kwashe goma sha biyun nan na mayar cikinta. Abin da ke cin minti biyar ya koma ƙiftawar ido. Manaja ya ce in ta yi mako lafiya zai sa hannu a takardar aikina na dindindin, wadda na shekara biyu ina jira.

Ba ta yi ko kwana ɗaya lafiya ba. Kullum ƙarfe bakwai na safe sai ta mutu ta farfaɗo. Na bincika waya, na sauya batir, na zargi masu wutar lantarki har da iyayensu. Ranar Laraba Manaja ya leƙo.

"Injiniya, ni dama shirun nan nata bai kwanta min ba. Zuwa Juma'a in ba ta daidaita ba, a dawo da tsohuwar. Takardarki kuma sai mu gani."

Ranar Alhamis na yi sammako na zauna a bayan kabad a ɗakin uwar garken, raina a ɓace. Bakwai daidai Baba maigadi ya buɗe ɗakin. Ya kara kunnensa a jikin uwar garken, ya girgiza kai cike da tausayi, ya zare wayar wuta, ya ƙirga goma, ya mayar.

"Baba, me kake yi haka?"

"Au, 'yata, kin zo? Ai ta sake suma ne. Ke kika ce min duk ranar da na ji ta yi shiru, in zare in mayar. Kwana huɗu ke nan ina ceto ta, ban faɗa miki ba don kada hankalinki ya tashi."

Ni na faɗa masa kuwa, bara, har na rubuta na manna a bango. Ga takardar can da rubutuna. Kunya ta kama ni. In na kai maganar sama, ko dai Baba ya rasa aikinsa, ko a gane wautar tawa ce. In kuma na ce ya daina, shirun da ke damun Manaja yana nan.

Sai na ɗauko faifai ɗaya daga tsohuwar, na goge shi tas, na ɗaura shi a cikin sabuwar, na ba shi wuta kawai. Ya kama gurnaninsa, Baba kuma bai sake zare waya ba.

Bayan mako guda Manaja ya kara kunne, ya yi murmushi.

"Yawwa, yanzu na ji aiki. Me kika ƙara mata?"

"Faifai ɗaya ne, ranka ya daɗe."

"To a kula da shi sosai, shi ne ke riƙe da mu."

Ya sa hannu a takardata. A duk cikin akwatin nan, faifan ne kaɗai babu komai a cikinsa.