Takardar Cikin Kwali

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da ba ni da wanda zan faɗa wa a gidan nan, bari in faɗa muku.

Na ga kaina a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ba kowa sai ni. A tafin hannuna ƙwayoyi biyu: farar hawan jini da na shekara shida ina sha, da wata ja da mai kemis ya ƙulle mini a leda saboda ciwon gwiwa, ba kwali, ba suna. Abu ɗaya nake son sani: in na haɗa su, za su zauna lafiya a cikina, ko su ne ajalina? Da can, marigayiya matata Lantana ce mai wannan aikin. Duk maganin da ya shigo gida sai ta zaro takardar cikin kwalin, ta maƙala tabarau, ta karanta har ƙananan rubutun, ta ninke ta adana a gwangwanin biskit. Ni kuwa ba abin da na iya sai tsiya, ina kiranta likitar tsakar gida.

Ruwa ya tsuge, daga ƙasa yana tafiya sama. Na kifa laimata na tsaya a ciki.

Sai ga ni a wani ofis. Bunsuru ne a kan kujera, da hularsa.

"Ranka ya daɗe, tambaya na zo yi kan magani," na ce.

"Ina takardarsa?"

"Babu."

"Kash! Da ka kawo, da na ci." Ya shafa tumbinsa. "Duk bayanin ƙasar nan yana nan ciki. Ba a buɗewa sai da Babbar Sallah."

Na fito na tarar da bishiyar da ta yi 'ya'yan wayoyi, kowace da bakinta. Wannan ta ce in sha biyu. Waccan ta rantse ƙanin maƙwabcinsu ya sha bakwai ya miƙe. Wata kuma ta ce in tura wa mutum goma tukuna. Na ce, "To, wa ya faɗa?" Sai duk suka zube kamar mangwaron da ya ruɓe.

Daga nan sai wani dogon zaure. Manyan littattafan magunguna ne zazzaune a kan buzu, sun tanƙwashe ƙafa. Na durƙusa gaban mafi kauri, mai farin gemu.

"Sunan maganin?" in ji shi.

"Ja ne, Allah gafarta Malam."

"Ja ba suna ba ne. Mu nan ba ma canka. Kawo sunansa na asali da ƙarfinsa, in lissafa maka abokansa da maƙiyansa." Ya rufe kansa, fam.

Wallahi ban ji haushinsa ba. Shi kaɗai ne ya ƙi yi mini ƙarya. Amma kaɗaicin da na ji a zauren nan, ban taɓa jin irinsa ba.

Can ƙurya sai na hango ta. Lantana ce, da tabaraunta a ƙarshen hanci.

"Malam, ka rame," ta ce. Ta miƙo hannu. "Ba ni gwangwanin."

Ashe yana hammatata. Na miƙa mata, kaina a sunkuye, don na san abin da ke ciki. Bayan sadakar arba'in ɗinta da takardun nan na riƙa hura gawayin shayi, ɗaya bayan ɗaya, har suka ƙare. Ta buɗe, toka ce zalla. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sa yatsa tana bin tokar layi-layi, leɓenta na motsi, tokar kuwa tana tashi sama tana bin ruwan.

"Ba ta karantuwa," ta ce. "Kada jar nan ta shiga bakinka sai ka ga kwalinta, ka kai wa masu ba da magani a asibiti."

"Taso mu je tare."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ƙarar jarka ta fito.

Na farka, ashe mai ruwa ne yake buga jarkokin kurarsa a ƙofar gida. Gari ya waye, ga ƙwayoyin nan biyu kusa da kofi, inda na ajiye su jiya. Na sha farar kamar kullum, na jefa jar a aljihu, na zura takalmi.

"Lantana, na tafi kemis in ga kwalin," na ce.

Na ɗan tsaya a bakin ƙofa ko zan ji a dawo lafiya. Sannan na sa kwaɗo.